Icen jin ɗumi: yadda ake faskare shi, a adana, a hura wuta

Hayaƙin da ke korar mutane daga gindin wuta a hunturu, galibi ɗanyen ice ne ke kawo shi. Icen da aka saro yanzu, kusan rabin nauyinsa ruwa ne, kuma sai ruwan ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 kafin ya ci da kyau. Don haka mai son jin ɗumi a Disamba da Janairu, tun Oktoba zai yi faskare, da zarar damina ta ɗauke.

Marke da ƙirya da gabaruwa su ne na gaba: suna daɗewa suna ci, suna barin garwashi. Darbejiya ba laifi. Kuka da rimi kuwa ɓata ƙarfi ne. Katakon da aka yi wa fenti ko maganin gara, kada a ƙona shi ko a kyauta aka samu.

A yanka gungume guntu-guntu, tsawon kamu ɗaya. A kafa guntun a kan wani faffaɗan kututture, don gatari ya daina cin ƙasa yana dakushewa. A ware ƙafafu, a nufi tsagar da ta riga ta bayyana a kan icen. Idan mai kauri ne, a fara ɓallo gefe-gefe kafin a je tsakiya. Wurin da reshe ya fito yakan riƙe gatari, nan sai a sa tsinin ƙarfe a bi shi da guduma. Kafin sara na farko a duba ƙota, gatari mai girgiɗi yana iya suɓucewa. Yara su yi nisa.

Kaurin damtse ya isa ga kowane icen da aka faskara. A jera bulo ko duwatsu, a ɗora icen a kai saboda gara da laima, a giciye sahu-sahu yadda iska za ta ratsa. Saman kawai ake rufewa da kwano. Wanda ya naɗe tulin duka da leda, ruɓewa zai tarar. A nisanta shi da danga da rumbu. Busasshe za a ji ya yi sauƙi, bakinsa ya tsattsage, in an gwara biyu su yi ƙara tas.

A tsakar gida ake hura wutar, da ƙirare ko karan dawa a ƙasa, sirara a kai, manya daga baya. Ban da fetur. Sai harshen ya kwanta, hayaƙi ya yanke, sannan a kwashi garwashin a kasko a kai ɗaki, a ajiye nesa da katifa da gidan sauro.

Garwashi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, shi ya sa dole a bar taga a buɗe. Ciwon kai, jiri ko tashin zuciya alama ce ta kowa ya fita waje nan take. Kafin a kwanta a fitar da kaskon, a yayyafa masa ruwa, domin garwashi yakan kwana da rai a ƙarƙashin toka, iskar asuba ta tayar da shi.