Kada ka yi saurin cewa kan sarki biyu iri ɗaya ne

Jama'a, ga 'yar shawara ga masu tara kan sarki na yau da kullum, wato waɗanda gidan waya ke bugawa shekara da shekaru da zane guda, ba na tunawa da wani biki ba.

In ka samu biyu masu kama da juna, dakata tukuna. Fara ƙirga haƙoran gefe. Ana ƙirga waɗanda ke cikin santimita 2 ne, kuma mai 14 da mai 15 bugu daban ne, ko da ido bai raba su ba. Sannan ka kifa shi a kan baƙin abu, ka duba ko akwai tambarin ɓoye a jikin takardar.

Jerin Machin na Birtaniya, mai ɗauke da kan Sarauniya Elizabeth, wanda ya fara fita a 1967, a nan ake goge ido. Karkata kan sarkin wajen hasken taga, za ka hango wasu layuka dishi-dishi, ɗaya a tsakiya ko biyu a gefe. Na'urar rarraba wasiƙu ce ke karanta su. Daga 1993 kuma aka sa wani rami mai siffar ƙwai a cikin haƙoran don daƙile jabu. Ni dai wannan ramin nake fara nema, ya fi sauƙin gani.

Launi kuwa ba abin dogaro ba ne sosai, rana kan kodar da shi. Kuma da hantsaki ake ɗauka, maiƙon yatsa na barin tabo.