Lita 22,4: inda ɗalibanmu ke yin tuntuɓe

Duk shekara idan jarrabawar BAC ta kammala sakandare ta matso, kurakuran da nake gani a takardun ɗalibaina na Maraɗi kusan iri ɗaya ne. Yaro ya haddace cewa mol ɗaya na gas (mol shi ne ma'aunin yawan ƙwayoyin abu a kimiyyar sinadarai) yana cika lita 22,4, sai ya riƙa liƙa lambar nan ko'ina.

Lambar tana da sharaɗi: zafi digiri 0, matsin iska atmosfiya 1, abin da littattafanmu ke kira CNTP. Mu kuwa a watan Afrilu zafi kan kai digiri 40 har ya wuce. Gas yana buɗewa in ya sha zafi, don haka mol ɗin nan zai cika kusan lita 25,7.

A wurin lissafa wannan ne ake yin kuskuren da ya fi ci mini rai, wato a saka digiri yadda yake ba a mayar da shi kelbin ba, ma'aunin zafin da ake wannan lissafi da shi. A ƙara 273 tukuna. 40 ta zama 313, 0 ta zama 273, sannan a ninka 22,4 sau 313 a raba da 273. Wanda ya tsallake wannan sai ya tsinci kansa yana raba lamba da sifili.

Wata ɗaliba ta taɓa rubuta cewa mol ɗaya na ruwa lita 22,4 ne. Washegari na shigo aji da jarka mai lita 25 da ƙaramin kofin shayi. Na zuba ruwa giram 18 a kofin, ko cika shi bai yi ba. «Ga mol ɗaya na ruwa,» na ce mata. Na ɗaga jarkar: «Mol ɗaya na gas kuma ya kusa cika wannan.» Ta ce, «Malam, ashe na gas ne kaɗai!»

Oksijin ma a kula: giram 32 ne mol ɗinsa, ba 16 ba, domin ƙwayoyinsa bibbiyu suke tafiya. Mai aiki da ƙa'idar gas ta PV = nRT, da faskal a matsayin ma'aunin matsi, da R = 8,314 kuwa, amsarsa 0,0224 a mita kubik take, sai ya ninka sau 1000 ya samu lita.

Ku gwada da tukunyar gas ta girki mai kilo 6. In butan ne zalla, mol ɗinsa giram 58, ke nan mol 103. A CNTP wajen lita 2300 ne, fiye da duro 11 masu lita 200. Abin da ya sa ya shiga ƴar tukunyar, an matse shi ne har ya zama ruwa. Ku jijjiga ta a hankali, za ku ji yana motsi a ciki.