Yadda Za Ka Yi wa Iyali Bayanin Cutar Sikizofireniya Ta Hanyar Tarihinta

Idan likita ya tabbatar da cewa wani ɗan gida yana fama da sikizofireniya, zaman da ya fi wuya shi ne wanda za a yi da iyaye da dangi bayan an dawo daga asibiti, domin wannan zai ce jifa ne, wancan ya ce iska ce ta taɓa shi. Idan kai aka ɗora wa nauyin bayani, ko a matsayin ma'aikacin lafiya ko babban wa, tarihin cutar zai fi yi maka amfani a kan jayayya.

Ka fara da abin da suka gani da idonsu kafin ka ambaci sunan cutar: saurayin da ya kulle kansa a ɗaki, yana mayar wa wata murya amsa alhali babu mai jin ta, ya kuma ƙi tuwon mahaifiyarsa saboda zargin an sa masa guba. Sai ka shaida musu cewa irin waɗannan alamomi ne likitan Jamus Emil Kraepelin ya tattara, har a 1899 ya ware su a matsayin cuta guda, ko da yake ya ɗauka lalacewar ƙwaƙwalwa ce da ba a dawowa daga gare ta. Eugen Bleuler na Suwizalan ya lura cewa wasu suna samun sauƙi, shi ne kuma ya raɗa mata sunan da ake kiran ta da shi a 1908, daga kalmomin Girka biyu masu nufin rabewa da tunani. A nan ka tsaya ka warware wata rashin fahimta: sunan ba ya nufin mutum biyu a jiki ɗaya, yana nufin tunani da ji da magana sun daina tafiya tare.

Daga nan ka sauke wa uwa nauyin da take ɗauke da shi, domin sau da yawa ita ce ke zaune a gefe tana tuhumar tarbiyyarta. A 1948 an yaɗa ra'ayi a Amurka cewa halin uwa ne ke jawo cutar, aka shafe shekaru ana ɗora wa mata laifin da ba nasu ba, kafin bincike ya yi watsi da shi. Abin da aka tabbatar shi ne gado yana da hannu, tare da wasu abubuwa kamar wahalar haihuwa da shan wiwi a ƙuruciya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa tana samun kusan mutum ɗaya cikin 300.

Batun mari da turu yana bukatar lallashi, saboda wanda ya ɗaure ɗansa yawanci tsoro da rashin mafita ne suka sa shi. Ka tuna musu cewa asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana da sashen masu taɓin hankali, kuma a shekarun 1790 Philippe Pinel da abokin aikinsa Pussin sun yi fice wajen kwance wa majinyata sarƙa a Faris. Kada ka ɓoye kuskuren likitoci: daga 1933 an riƙa sumar da majinyata da allurar insulin, an kuma yi tiyatar yanke jijiyoyin gaban ƙwaƙwalwa wadda ta nakasa mutane da yawa, duk da an ba wanda ya ƙirƙiro ta kyautar Nobel a 1949. Faɗin wannan gaskiya ne zai sa su yarda da sauran maganarka.

Sauyi ya zo a 1952, lokacin da Jean Delay da Pierre Deniker suka gwada maganin da aka fi sani da Largactil a Faris, muryoyi da zargi suka lafa wa majinyata da dama. Ka bayyana cewa irin waɗannan magunguna suna rage aikin sinadarin dofamin ne a ƙwaƙwalwa, ba sa tuge cutar, don haka barin su da zarar an ga sauƙi shi ne babban abin da ke dawo da ita. Idan aka ga sandarewar jiki, rawar hannu, dalalar miyau ko ƙiba, a koma wurin likita ya daidaita, kuma akwai allurar wata-wata ga mai yawan ƙin ƙwaya.

Ka ajiye labarin Aro, wani ƙauye a yankin Abekuta, zuwa ƙarshe. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara tsari a Abekuta inda majinyaci ke zama a gidajen ƙauye tare da wani ɗan'uwansa, yana zuwa asibiti da rana, har ma ya yi aiki tare da masu maganin gargajiya. Wannan zai nuna musu cewa babu wanda ya ce a bar addu'a, duka da ɗauri da hana magani ne ake ƙi, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Nijeriya a 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta tanadi kare haƙƙin majinyaci. Kafin a tashi, a tsayar da wanda zai riƙe magani, da wanda zai riƙa raka shi ganin likita a asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, Barnawa, Kware ko Maiduguri, a kuma rubuta ranar komawa a inda kowa zai gani.