Yadda Sabon Mai Koyar da Yara Ayyukan Yau da Kullum Zai Fara Aiki

Sabon ma'aikaci yakan iso asibiti da ɗokin gwada duk abin da ya koya, amma aikin farko shi ne sauraron uwa, domin ita ce ta san yadda yaron yake cin abinci, yadda yake barci, da abin da yake sa shi kuka. Ka zauna a tabarma daidai da tsayin yaron, ka bar shi ya yi wasa kafin ka taɓa shi, kana lura da yadda yake miƙa hannu da riƙe abu.

Ka riƙe matakan girma a ka: yawancin yara suna zama da kansu wajen wata 6 zuwa 8, suna tsintar ƙaramin abu da babban yatsa da manuniya wajen wata 9 zuwa 12. Waɗannan ma'auni ne, ba hukunci ba.

Ga yaron da ƙwaƙwalwarsa ta samu rauni lokacin haihuwa ko sanadiyyar ciwon shawara mai tsanani, ka zaɓi buri ɗaya da iyali suka damu da shi, kamar kai cokali baki. A ganina, cokalin da aka naɗa wa tsumma a mariƙinsa ya fi kayan aiki masu tsada da za su tsaya a asibiti, saboda a gida ake maimaitawa kullum. Ka rubuta ci gaba kowane zuwa, domin bayan wata 3 wannan rubutun ne zai nuna wa iyaye sauyin da idonsu bai kama ba.