Yadda Za Ku Gane Sanƙarau na Kiriptokokas a Jikin Yaro Mai Ɗauke da HIV, da Abin da Za Ku Yi

Sanƙarau da muka saba da shi a ƙasar Hausa shi ne wanda yake zuwa da zafin bazara, ya kwantar da yaro cikin kwana ɗaya ko biyu, wuya ya sanƙare har kowa ya gane. Akwai wani iri da yake addabar masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, wato HIV, kuma shi a hankali yake shigowa, ba ruwansa da rani ko damina. Ƙwayar da take haddasa shi, kiriptokokas, dangin funfuna ce da ke rayuwa a cikin ƙasa da ruɓaɓɓen itace da busasshen kashin tsuntsaye, musamman tantabara. Shaƙar ta ake yi tare da ƙura, ba a ɗaukar ta daga wani mutum, kuma rigakafin sanƙarau da ake yi wa yara ba ya kare su daga gare ta. Mai ƙarfin garkuwa yakan shaƙe ta ba abin da zai same shi, amma idan garkuwa ta yi rauni sai ta bi jini daga huhu ta isa fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa. An kiyasta cewa a shekarar 2020 ta kashe kimanin mutum 112,000 masu ɗauke da HIV, mafi yawansu a Afirka kudu da Sahara. Ba ta cika kama ƙananan yara ba, ta fi samun waɗanda suka tasa da matasa, musamman wanda aka makara wajen gano cutarsa ko wanda ya daina shan magani.

Abu na farko shi ne ku lura da ciwon kai da ya ƙi tafiya. Yaro zai kwana uku, ya yi mako, yana dafe da kai, a sayo masa farasitamol a kemis ya ɗan lafa, da yamma ya dawo, a ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro nan ma shiru. Daga nan sai amai, da ƙin haske har ya riƙa juya fuska bango idan an ɗaga labule, wani ya ce yana ganin abu biyu-biyu. Kada ku jira wuya ya sanƙare, domin sau da yawa ba ya sanƙarewa, zazzaɓin ma yana iya zama kaɗan. Alamar da ta fi ruɗar iyaye ita ce canjin hali: yaron da aka sani da surutu ya koma yawan barci, ko ya riƙa magana ba kan gado, ko ya yi jijjiga. A nan ne gidaje da yawa suke cewa iska ce, a shafe makonni ana hayaƙi da rubutu. Ba wanda zai hana ku yi wa ɗanku addu'a, amma ku yi ta kuna kan hanyar asibiti, a ranar da kuka ga alamar.

Idan kun isa, ku faɗa wa likita kai tsaye cewa yaron yana ɗauke da HIV, ku nuna katinsa, kuma idan ya yi watanni bai sha magani ba ku faɗi gaskiya, domin ɓoyewa takan sa a yi ta neman wata cuta daban. Ku tambaya ko za a duba adadin CD4, wato ƙwayoyin jini da ke nuna ƙarfin garkuwar jiki, a kuma yi gwajin CrAg na gano ƙwayar kiriptokokas, wanda ake yi da ɗan jini kaɗan, sakamakonsa ya fito cikin mintuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi wannan gwaji ga manya da matasa daga shekara 10 idan CD4 ɗinsu ya gaza 100, ko da ba su da wata alama, ana kuma iya yi ga wanda nasa ya gaza 200.

Sai batun ɗibar ruwan ƙashin baya, inda nake roƙon iyaye da babbar murya kada su ƙi. Mutane da yawa sun yi imani cewa allurar tana gurgunta yaro ko ta kashe shi, alhali abin da yake faruwa shi ne akan kawo marar lafiya bayan ciwo ya ci ƙarfinsa, idan ya rasu sai a ɗora wa allurar laifi. Ana sa ta ne a ƙasan baya, ƙasa da inda laka ta ƙare. Da ita ake tabbatar da cutar, kuma ita kanta magani ce, saboda ƙwayar tana toshe hanyar da ruwan ƙwaƙwalwa yake bi, ruwan ya taru ya matse ƙwaƙwalwa, wanda shi ke kawo makanta da mutuwa, ɗibar ruwan kuwa tana rage wannan matsi. Idan likita ya ce za a sake ɗiba gobe ko jibi, ku amince.

Magani kashi uku ne. Bisa ƙa'idar da hukumar ta fitar a 2022, ana farawa da maganin kashe funfuna mai suna amfoterisin B nau'in lifosomal sau ɗaya ta ƙarin ruwa, tare da fulusaitosin da fulukonazol na sha har kwana 14. Inda babu wannan nau'in, ana amfani da tsohon amfoterisin na tsawon kwanaki, kuma yana iya taɓa ƙoda ya rage jini, don haka za a riƙa gwajin jini, ku kuma ku sa ido kan yawan fitsarin yaron. Daga nan sai fulukonazol kaɗai na mako 8, sannan a rage shi a ci gaba. Na yara da nauyin jiki ake auna shi, saboda haka kada ku sayo a kemis ku ba shi da ka. Kada kuma ku yi mamaki idan aka jinkirta fara maganin HIV da mako 4 zuwa 6, domin farfaɗo da garkuwa da wuri yana iya tayar da kumburi a ƙwaƙwalwa.

Bayan an sallame ku ne aikin gida yake farawa, kuma a nan ake yawan sakaci, tunda yaro ya miƙe yana wasa. Ku ware mutum ɗaya a gidan da zai riƙa ba shi magani da hannunsa ya ga ya haɗiye, ku haɗa lokacin da abin da ba ya wucewa, kamar bayan sallar Asuba. Fulukonazol ba a daina shi sai yaron ya yi aƙalla shekara guda kan maganin HIV, gwaji kuma ya nuna garkuwarsa ta farfaɗo, kuma likita ne zai yanke wannan hukunci. Idan yana kiwon tantabara, a ɗauke masa sharar ɗakinsu har ya warware. Ku lura ko jinsa ko ganinsa ya ragu, ku gaya wa likita a ranar komawa, idan kuwa ciwon kai ko amai ya dawo, ku mayar da shi asibiti ba tare da jiran ranar da aka rubuta muku a kati ba.