Matakan shuka zogale a tsakar gida a Damagaram

Mazaunin unguwar Birni ko ta Zango a Damagaram da ba shi da gona yana iya sake taɓa ƙasa da hannunsa ta hanyar shuka zogale, itacen da ke jure fari da ƙarancin ruwan da muka saba da shi a garin nan.

Da farko a samo busasshen iri, a jiƙa shi ya kwana. Sannan a zaɓi wurin da rana ke samu sosai, nesa kaɗan da katanga, a haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya, a cika shi da ƙasa gauraye da ruɓaɓɓen takin awaki. Kada a sa ɗanyen taki, domin yana ƙona saiwa.

A binne ƙwaya 2 ko 3 a zurfin santimita 2. Farkon damina ya fi dacewa, ko da yake ranar 3 ga Agusta, ranar dashen itatuwa a Nijar, ba ta makara ba.

Ban ruwa shi ne inda mutane suka fi kuskure. Zogale ba ya son ruwa ya kwanta a gindinsa, don haka ruwan alwala da aka tara a kwano ya wadatar, muddin babu sabulu a ciki. Cikin mako biyu za a ga tsiro, sai a bar mafi ƙarfi a cire saura.

A kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Idan ya kai tsayin ƙugu, a tsinke kansa da yatsa domin ya yi rassa, ganyen kuma ya zauna inda hannu ke kaiwa.