Yadda ake canza tsohon bututun ruwan gida idan ya fara yoyo

In dai gidanku irin tsofaffin gidajen nan ne da aka ja wa ruwa da bututun ƙarfe tun zamanin iyaye, to ɗaure shi da robar tayar keke ba gyara ba ne wallahi, lallaɓawa ce kawai. Mu ma mun yi, yau a ɗaure nan gobe ya ɓulle can, ranar da muka gaji muka tono shi ashe tsatsa ta toshe cikinsa, hanyar da ruwan ke bi ba ta fi kaurin fensir ba, shi ya sa famfo yake ta ɗiɗɗiga ruwan kuma ya fito jajaja. Sannan a garuruwanmu da ake kawo ruwa ana ɗaukewa, duk sanda aka ɗauke bututu mai huji yana iya zuƙo ruwan ƙasa ciki, in kusa da kwata ko masai ya bi to ka san abin da ake sha, ta nan taifot da kwalara ke shigowa gida.

Da farko ka tabbatar bututun ne. Cika tanki da daddare, ka rufe duk famfunan gidan har da na tankin bayi, ka sa alama a inda ruwan ya tsaya, in da safe ka ga ya sauka to akwai inda yake zurarewa. Ka bi layin da ido, ƙasar da ba ta bushewa ko a rani, ko bango mai danshi fenti yana ɓarewa, yawanci nan ne.

Sai zaɓen kaya. Ƙarfe dai kar a koma masa. Bututun roba na PVC ya fi araha kuma da gam ake haɗa shi, amma ka ce a ba ka mai kauri na ruwan famfo, don akwai na wayar wuta da na fitar da ruwan datti, su ba sa ɗaukar ƙarfin ruwa, wasu masu shagon kuma in sun ga ba ka sani ba shi za su miƙo maka. PPR, shi ma bututun roba ne wanda galibi kore ne, ya fi tsada amma ni shi na fi yarda da shi, da inji ake narka bakinsa a zafin digiri 260 a haɗe ya zama abu ɗaya, sai dai yana son wuta ko janareto da kuma hannun wanda ya iya, in aka narka shi ya wuce kima bakin yana tsukewa daga ciki. Babban layi daga tanki ko mita a sa inci ɗaya ko uku bisa huɗu, rassan da ke zuwa famfo rabin inci ya isa. Ka auna tsawon layin da tef ka ƙara ɗan rara, ka ƙirga lanƙwasa nawa ne don elbo, reshe nawa don ti, ga soket mai haɗa bututu biyu a miƙe, yuniyon wato mahaɗar da ake iya kwancewa, bawul mai buɗe ruwa da rufe shi, da farin tef ɗin da ake naɗawa a bakin mahaɗa mai murɗi. Kayan aiki kuwa zarto, sufanar bututu guda biyu, diga da shebur.

Ranar aiki a tara ruwa a duro tukuna, in ba haka ba kai da uwargida ne. Kashe injin bohol daga wuta, rufe bawul ɗin tanki ko na mita, ka buɗe famfon da ya fi ƙasa ragowar ruwan ya tsiyaye. In ruwan gwamnati ne, daga mita zuwa babban bututun titi kar ka taɓa, hukumar ruwa ake sanarwa.

Haƙa a hankali, musamman in akwai wayar wuta a ƙasa. Zurfin kamar santimita 45 ya yi a tsakar gida, inda mota ke takawa a ƙara zurfi a zura shi cikin wani bututun da ya fi shi faɗi, kuma a nisanta shi da masai da sokawe. Wanda ke cikin bango ko ƙarƙashin tayil ba dole sai an fasa an ciro ba, a yanke shi a toshe a bar shi nan, a ja sabon layi ta wata hanyar, ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba. Wajen kwance tsohon ƙarfe ka riƙe da sufana ɗaya ka murɗa da ɗaya, in ya ƙi zarto ya raba gardama.

Haɗin PVC nan ne ake yawan kwafsawa. Yanka ya zama miƙaƙƙe, a kankare bakin, a goge ƙura da danshi, a gwada haɗawa ba gam a ga ya zauna, sannan a shafa gam a bakin bututun da cikin soket a tura lokaci ɗaya a ɗan murɗa a riƙe kamar rabin minti. Don Allah banda ƙona baki da wuta a cusa wani cikin wani don a rage kuɗin soket, wannan haɗin shi ke fara yoyo. Inda akwai zare, wato mahaɗar da ake murɗawa a ɗaure, a naɗa farin tef ta ɓangaren da ake ɗaurewa, kar a matse da ƙarfin tsiya roba ce tana tsagewa. Ka sa bawul a farkon layi da yuniyon kusa da shi, gobe in gyara ya taso ba sai an yanka ba.

Ka bar gam ɗin ya kwana, washegari a buɗe ruwa kaɗan-kaɗan famfuna a buɗe iska da datti su fita, sai a rufe su a bi kowace mahaɗa da busasshen tsumma ko tishu. Kar ka yarda fulamba ya rufe ramin kafin wannan gwajin komai saurin da yake, kuma kar ka cika masa kuɗinsa. In ko'ina a bushe, ɗauki hoton layin da waya don ka san inda ya bi, zuba yashi mai laushi ƙasa da saman bututun, sannan a mayar da ƙasa ba tare da duwatsu ba. Ɓangaren PVC da ya fito fili a shafa masa fenti ko a rufe shi, rana tana busar da shi ya riƙa karyewa.